Kwalta da inuwa: Me ya sa itatuwan bakin titi ke faɗuwa duk sa'ad da aka zo gyaran hanya a biranen Nijar?

Da zarar damina ta ja baya, injunan aikin hanya kan dawo cikin garuruwa. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa ana shimfiɗa sabuwar kwalta, ana haƙa magudanan ruwa, ana faɗaɗa titunan da suka yi wa motoci, kabu-kabu da adaidaita kaɗan. Jama'a na maraba da aikin, domin duk wanda ya taɓa tura babur cikin yashi ko ya kwana yana kwalfe ruwa daga ɗaki ya san darajar titi mai kyau. Sai dai sau da yawa, kafin katafila ta iso, masu zarto sun riga ta. Layin dogon yaro da ya shekara talatin ko arba'in yana tsaye sai ya kwanta cikin yini guda.

Daga nan muhawara kan koma Facebook da WhatsApp. Wasu su ce an kashe gari, wasu su ce ci gaba ba ya zuwa sai da sadaukarwa, bayan mako guda kuma a manta. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, ranar da aka ga zarto a bakin titi, an daɗe da yanke hukunci. An yanke shi ne watanni kafin nan, a kan takardar zanen hanya, a wurin da itacen ba shi da farashi kuma ba shi da mai tsaya masa.

Buƙatar hanya gaskiya ce

Duk mai son kare itatuwan birni dole ya fara da amincewa cewa garuruwan Nijar na cikin tsananin buƙatar tituna da magudanai. A ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma tun daga lokacin birnin bai daina faɗaɗa ba. Haka Maraɗi da Damagaram, inda ake yanka filaye a sababbin unguwanni, mutane su gina gidaje su tare tun kafin hanya ko magudanar ruwa ta iso.

Daminar 2024 ta nuna tsadar wannan giɓi. Alƙaluman hukuma sun ce kusan mutum 400 ne suka rasu a faɗin ƙasar, ambaliyar kuma ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya yi mummunar ɓarna a birnin Maraɗi. A farkon Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Yamai ma ta kusa yankewa daga sauran ƙasar bayan ruwa ya cinye manyan hanyoyin shiga birnin, aka kuma ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Bayan irin wannan shekara, babu shugaban gari da zai iya ce wa jama'a a dakata da haƙa magudanai saboda itace.

Kuɗin ayyukan ma suna nan tafe. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 250 domin shirin PIDUREM, wanda babban burinsa shi ne kare garuruwa daga ambaliya ta hanyar magudanai da tituna. Ke nan aikin hanya a cikin birane zai ci gaba a shekarun da ke tafe, kuma yadda za a zana shi ne zai nuna irin inuwar da za ta rage.

Shekarun kwalliyar birane

Wannan ba shi ne karo na farko da biranen ƙasar suka ga babban aikin tituna ba. A zamanin shugaba Mahamadou Issoufou an ƙaddamar da shirin Niamey Nyala, wanda ya kawo gadojin sama na Mali Bero da Diori Hamani, sannan aka buɗe babbar hanyar da ta haɗa filin jirgin sama da tsakiyar birni gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi ya kai irin wannan aiki zuwa Dosso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018 da Tillaberi a 2019.

Waɗannan shirye-shirye sun bar tituna, fitilu da gine-ginen da ake amfana da su har yau. Amma suna da hali guda: ranar biki a tsaye take, ba ta matsawa. Aikin da ake yi da agogo a hannu ba ya barin lokacin zama da mutanen unguwa, ko na sake zane domin a kauce wa tsohon maɗaci. Hanya mafi sauri ita ce a share komai daga bango zuwa bango, a shimfiɗa kwalta, a dasa ƴan tsirrai a tsakiyar titi kafin manyan baƙi su iso. Shi ya sa da yawa daga cikin sababbin titunan suke da faɗi da haske, amma mai tafiya a ƙasa da tsakar rana ba ya samun inda zai fake.

Wa ke biyan kuɗin inuwar da aka rasa?

A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum a waɗannan garuruwa, wasu ranaku ya doshi 45. A bazarar 2024, lokacin da zafi mai tsanani ya mamaye Sahel, ma'auni ya kai digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali. Kwalta da siminti na shan zafin rana duk yini, su riƙa sakinsa da dare. Aune-aunen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa daɓen da ke ƙarƙashin inuwa kan fi wanda ke cikin rana sanyi da digiri 10 zuwa 20, wani lokaci ma fiye.

Wanda ke cikin mota mai na'urar sanyaya wuri ba ya jin wannan bambanci. Masu jinsa su ne waɗanda titi ne wurin neman abincinsu: ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, mai shayi, mai facin taya, mai gyaran waya, mata masu ƙosai da fura, ɗalibai masu dawowa daga makaranta da ƙarfe ɗaya na rana. Ga matasa da yawa gindin dogon yaro shi ne shago, shi ne kuma fada inda ake dafa shayi ana tattauna labarin duniya. Idan aka sare shi, mai ƙaramin jari ya koma sayen kwanon rufi domin kafa rumfa, rumfar ta fi zafi, kuma ita ce farkon abin da ake rushewa idan an tashi korar masu sana'a daga bakin hanya.

Akwai kuma asarar da ta shafi ita kanta hanyar. Ganye da saiwa na rage gudun ruwan sama, suna riƙe yashin da in ba haka ba zai gangara ya toshe magudanai. Wani bincike da aka yi a birnin Modesto na jihar Kalifoniya a Amurka ya gano cewa kwaltar da ke ƙarƙashin inuwa ta fi jimawa kafin ta buƙaci gyara. Itacen da ake gani a matsayin cikas ga aikin yana cikin abubuwan da ke tsawaita ran aikin.

Yadda itace ke mutuwa a kan takarda

Abu na farko da ke kashe itacen titi shi ne faɗin da aka zaɓa. Injiniya kan ɗauko ma'auni guda, wato hannu biyu ko huɗu, tsibiri a tsakiya, magudana a kowane gefe da wurin masu tafiya a ƙasa, ya ɗora shi a kan titin daga farko har ƙarshe. Duk abin da ya faɗo cikin layin sai a rubuta shi a sashen share fili, tare da kututture da tarkace. Sau da yawa bambancin da ke tsakanin sarewa da bari bai wuce mita ɗaya ko biyu ba.

Na biyu shi ne ramin magudana. Yawancin saiwoyin da itace ke sha da su suna kusa da saman ƙasa, kuma suna bazuwa nesa da gindi. Idan aka haƙa rami mai zurfi dab da gindin aka datse su, itacen zai ci gaba da tsayuwa, amma ya riga ya raunana. Bayan shekara biyu ko uku ya bushe, ko iskar farkon damina ta kayar da shi a kan wani gida. Haka ma idan aka zuba siminti har wuyansa, ruwa da iska suka daina shiga ƙasa. Irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafin kowa, domin ɗan kwangila ya daɗe da kwashe kayansa. Bayansa kuma masu aikin wuta, ruwa da wayoyin sadarwa kan zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa rami ko nasa sassabe.

Gaskiya ne ba kowane itace za a iya ceta ba. Saiwar dogon yaro na fasa katanga da magudana. Itacen da ya tsaya a kan kwana yana tare wa direba gani, kuma karo da shi na kisa. Wasu tsofaffin maɗatai, irin waɗanda aka dasa tun zamanin Turawa, masu neman magani sun ɓare musu ɓawo har sun zama haɗari ga masu wucewa. Sare irin waɗannan daidai ne. Matsalar ita ce ba a cika tantancewa ba, lafiyayye da maras lafiya zarto guda ke cin su.

Doka na nan, sai dai nauyinta

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi kariya ga wasu nau'o'in itatuwa, ta kuma sa sarewa a ƙarƙashin izinin ma'aikatan gandun daji. Dokar 2018 kan tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta wajabta yin nazari kafin manyan ayyuka, tare da jin ta bakin jama'ar da abin ya shafa, kuma hukumar BNEE ce ke duba waɗannan rahotanni. Masu ba da lamuni irin su Bankin Duniya su ma suna da nasu sharuɗɗa.

A aikace, kuɗin izinin sare itace ƙanƙane ne idan aka ajiye shi kusa da kuɗin kilomita guda na kwalta a cikin birni, wanda ake lissafawa da ɗaruruwan miliyoyin sefa. Ga ɗan kwangila, biyan harajin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sake zane. Rahoton muhalli kuwa da Faransanci ake rubuta shi, mai kauri ne, kuma kaɗan ne daga mazauna titin ke sanin an yi shi.

Wani abin lura shi ne, tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa shugabannin riƙo. Wannan na iya hanzarta yanke shawara, amma kansilan unguwa da a da ake iya tarewa a ƙofar gida a kai masa kuka ba ya nan. Nauyin sauraron jama'a ya koma kacokan kan shugabannin riƙon da masu unguwanni, kuma ya rage gare su su buɗe ƙofar tun aikin yana kan takarda.

Lissafin a sare ɗaya a dasa goma

Amsar da aka saba bayarwa ita ce za a dasa wasu a madadinsu, har ninki goma. A kan takarda riba ce. A ƙasa kuwa, tsiron da bai kai gwiwa ba yana buƙatar shekaru goma zuwa ashirin kafin ya ba da inuwar da za a zauna a ciki, in ya rayu. Kafin nan sai ya tsallake watanni takwas na rani, awakin da ke yawo a gari, yara da masu ajiye mota. Tun 1975 ake dasa itatuwa a kowace ranar 3 ga Agusta a Nijar. Da a ce duk abin da aka dasa cikin shekarun nan ya rayu, da biranen ƙasar sun zama kurmi. Ana sanar da adadin da aka dasa, ba a cika dawowa bayan bazara biyu a ƙirga waɗanda suka rage ba.

Akwai kuma batun wurin da ake dasawa. Idan aka sare layin itatuwa a tsakiyar gari, aka je bayan gari aka dasa dubu a fili guda, an cika sharaɗin kwangila, amma mai shayin da ya rasa inuwarsa bai samu komai ba. Ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Su ma filayen bayan garin ba su tsira ba. Dajin kariya da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965, mai tsawon kusan kilomita 25 da faɗin sama da hekta 2000, yawancinsa dogon yaro, ya rasa babban ɓangarensa ga yankan filaye, gine-gine da juji.

Darasin da gona ta koya wa ƙasa

Abin mamaki shi ne ƙasar da ke fama da wannan matsala a birni ita ce duniya ke misali da ita a karkara. Daga 1983 zuwa yanzu, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a rene shi. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye sun kafa kwamitocin tsaron itatuwansu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 domin tare iska sun daɗe suna kare gonaki. Tun kafin nan, tarihin Damagaram na ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa duk wanda ya sare gawo.

Masu nazarin wannan nasara sun yi ittifaƙi a kan dalili guda babba. Itatuwan gona sun rayu ne lokacin da manomi ya tabbata cewa nasa ne, shi zai ci moriyarsu, ba na hukuma ba ne da za a ci shi tara a kansu. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi wannan haƙƙi.

Itacen bakin titi bai samu wannan gata ba. Filin na ma'aikatar magajin gari ne, izinin sarewa na gandun daji ne, hanyar ta ma'aikatar ayyuka ce, wayar da ke samansa ta kamfanin wuta ce. Mai gidan da ya dasa shi, ya shekara biyar yana ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke, ba shi da wata takarda da ta ce a tambaye shi kafin a taɓa. Kowa na da iko a kan itacen, babu wanda ke da alhakinsa.

Abin da za a iya canzawa tun daga kwangila ta gaba

Mataki na farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a ƙirga. Kafin a zana titi, a bi shi a ƙasa tare da ma'aikacin gandun daji da mai unguwa, a sa wa kowane itace lamba, a rubuta nau'insa, kaurinsa da lafiyarsa. A liƙa jerin a ofishin magajin gari, a karanta shi da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, a nuna waɗanda za a sare da dalilin kowanne. Wayar hannu kaɗai ta isa wannan aiki, kuma ɗaliban jami'o'in Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai za su iya yinsa cikin ƴan kwanaki.

Na biyu, a bar zane ya bi titin yadda yake. Ba kowace hanyar unguwa ce ke buƙatar hannu huɗu ba. Ana iya karkatar da layin hanya kaɗan, a mayar da layin itatuwa ya zama tsibirin tsakiya ko iyakar wurin masu tafiya a ƙasa, a kai babbar magudana gefen da babu itace. A titunan cikin unguwa, daɓen duwatsun siminti da aka fi sani da pave, wanda Tawa da Maraɗi suka daɗe da saninsa, yana iya ɗaukar ruwa a kan titin kansa ba tare da rami mai zurfi a gefe ba, yana da sauƙin zagaya gindin itace, yana kuma ɗaukar ma'aikata da yawa. A Nairobi, babban birnin Kenya, a Nuwamban 2020, matsin lambar jama'a ya sa hukumomi suka hana taɓa wani tsohon ɓaure da ke kan layin sabuwar babbar hanyar birnin, kamfanin ƙasar Sin da ke aikin ya gyara zanensa, hanyar kuma aka gama ta.

Na uku, a ɗaure dashe da kuɗin ɗan kwangila. A al'adar kwangilolin gwamnati ana riƙe wani kaso na kuɗin har sai an karɓi aiki karɓa ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda. Ana iya ware kason itatuwa daban, a ce ba za a sake shi ba sai an ƙirga masu rai bayan bazara biyu, a kan titin da aka sare, da shinge da tsarin ban ruwa a cikin lissafi. A kuma zaɓi masu ba da inuwa da jure fari, a haɗa dogon yaro da maɗaci, tsamiya da aduwa gwargwadon faɗin wuri, maimakon itatuwan ado da ke shan ruwa ba su fake kowa.

Na huɗu, a kawo darasin gona cikin gari. Duk itacen da ke ƙofar gida, shago, masallaci ko fada a rubuta shi da sunan mai kula da shi, a ba shi haƙƙin a sanar da shi kafin a taɓa, da haƙƙin amfana da rassan da aka sassabe.

Nan ne matasa da ƴan ƙasa mazauna waje ke da rawar takawa, domin ba hukuma kaɗai ke sarewa ba. Gidaje da shaguna da yawa da ke tashi a Maraɗi, Tawa da Damagaram da kuɗin da ake aikowa daga Abijan, Kano, Libiya, Aljeriya ko Turai ake gina su, kuma sau da yawa abin da magini ke fara cirewa shi ne itacen ƙofar gida, domin a ga fuskar bene ko a samu wurin shigar mota. Mai aiko da kuɗin yana da ikon cewa a bar shi. Ƙungiyoyin ƴan gari da ke tara kuɗin gina rijiya ko aji za su iya ɗaukar nauyin shinge da ruwan titi guda na shekara biyu. Masu fada kuma, maimakon jiran ranar zarto su ɗauki hoto, za su iya zuwa ofishin magajin gari tun ranar da aka ga masu awo suna kafa turaku, su nemi a nuna musu zanen.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma aikin hanya. Muddin yana kan takarda, matsar da layi da mita ɗaya aikin yini guda ne ga injiniya. Idan aka bari har aka sare, yaron da aka haifa a unguwar a wannan shekara sai ya kai shekarun shiga jami'a kafin ya samu irin inuwar da aka kwantar a ƙofar gidansu.